Filin Tambayoyinku: Wa Zai Biya Kuɗin Kula da Masu Naƙasa a Gidajensu?

Wasiƙun da suka shigo mana a kan kula da masu naƙasa sun yi yawa, kuma galibinsu abu ɗaya suke kewayawa, wato kuɗi da inda za su fito. Mun zaɓi huɗu, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ɗana yana da shekara 19, an haife shi da larurar da ta hana shi tafiya, maganarsa ma ba ta fita sosai. Ni nake yi masa wanka, ni nake ba shi abinci, ni nake juya shi da dare, kuma shekara 12 ke nan da na ajiye aikina saboda shi. Mu iyaye mun kafa ƙungiya, wasu daga cikinmu suna so mu roƙi gwamnati ta gina babban gida inda za a riƙa ajiye irin waɗannan 'ya'ya namu. Ni zuciyata ba ta kwanta da haka ba, ko da yake na gaji. An yi dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, amma ban ga abin da ta canza a ɗakina ba. Me ya kamata mu nema a wurin 'yan majalisa?

Amsa: Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah Ya saka da alheri. Dokar da kika ambata ba ta canza komai a ɗakinki ba domin aikinta daban ne. Dokar hana bambanci hani ce: tana cewa kada makaranta ta kori yaro, kada ma'aikata ta ƙi ɗaukar mutum, kada a yi gini ba tare da hanyar keken guragu ba. Duk wannan yana da amfani, amma babu sashen da zai turo miki wanda zai juya ɗanki da ƙarfe biyun dare ki samu ki runtsa. Wannan sai da wata doka ta daban, wadda za ta faɗi wanda ya cancanci taimako, irin taimakon da zai samu, da aljihun da kuɗin zai fito.

Abin da ake kira kulawa a cikin al'umma shi ne a kai wa mutum taimako inda yake zaune, a cikin danginsa ko a nasa ɗakin, maimakon a ɗauke shi a kai shi inda taimakon yake. Ya haɗa da mataimaki mai albashi da zai zo na wasu sa'o'i a rana, da mai gashin ƙashi ko mai koyar da magana da zai riƙa zuwa, da keken guragu da gadon da ya dace tare da gyaransu idan sun lalace, da gyaran ƙofa da banɗaki, da abin hawa, da kuma wanda zai karɓi mai jinya na kwana biyu ko uku don ta huta. Ƙasashen duniya sun riga sun amince da wannan a rubuce. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda aka zartar a Disambar 2006 ta fara aiki a Mayun 2008, ta ce a sashe na 19 mai naƙasa yana da 'yancin zaɓar inda zai zauna da wanda zai zauna da shi, kuma a samar masa da taimako a gida, har da mataimaki na kansa, don kada a ware shi daga jama'a. Ƙasashe sama da 180 sun tabbatar da yarjejeniyar, don haka idan kun shiga ofishin ɗan majalisa, alkawarin da aka riga aka ɗauka kuke tuna masa.

Sai dai alkawari bai taɓa biyan albashin kowa ba, kuma abin da ya faru a Amurka ya isa misali. A 1990 aka yi babbar dokarsu ta haƙƙin masu naƙasa. A 1999 kotun ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar da aka fi sani da Olmstead, wadda wasu mata biyu, Lois Curtis da Elaine Wilson, suka shigar bayan an ci gaba da riƙe su a asibitin jihar Jojiya alhali likitocinsu sun ce za su iya zama cikin jama'a. Kotun ta ce killace mutum ba bisa dalili ba nuna bambanci ne. Babbar nasara ce, amma hukuncin ya bar ƙofa a buɗe, domin ya ce a yi la'akari da ƙarfin aljihun jiha. Ga kuma matsalar da ta fi wannan: a Medicaid, tsarin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, wanda shi ne ke biyan mafi yawan irin wannan kulawa a can, dole ne jiha ta biya kuɗin gidan jinya ga wanda ya cancanta, amma yawancin taimakon da ake kaiwa gida zaɓi ne, kuma tun daga 1981 da aka buɗe wannan hanya, jiha tana iya ƙayyade adadin mutanen da za ta ɗauka. Sakamakon shi ne har yanzu mutane dubu ɗaruruwa suna kan layin jira, wasunsu shekara da shekaru. Sai a 2013 ne kuɗin da tsarin ke kashewa a gidajen mutane ya fara zarce wanda yake kashewa a gidajen killacewa.

Ki kwatanta da Suwidin. Dokarsu ta 1993, wadda ta fara aiki a farkon 1994, ta lissafa nau'o'in taimako guda goma, ciki har da mataimaki na kai, ta ce haƙƙi ne ga masu naƙasa mai tsanani da ta bayyana. Ta raba nauyin a fili: ƙaramar hukuma ke ɗaukar wanda buƙatunsa na yau da kullum ba su wuce sa'a 20 a mako ba, wanda ya wuce haka kuma asusun ƙasa ya shigo. Wanda aka hana yana iya kai ƙara kotu. Su ma suna da nasu rigingimu a kan tsaurara sharuɗɗa, amma rigimar a kan sa'o'i nawa ne mutum zai samu, ba a kan ko akwai kuɗin ba.

Saboda haka ga abin da nake ba ƙungiyarku shawara ta nace a kai. A rubuta taimakon a matsayin haƙƙin mutum, da kalmar "wajibi ne", domin duk inda ƙudurin doka ya ce hukuma "tana iya" yin abu, ko za ta yi "gwargwadon samuwar kuɗi", to an riga an tanadar mata hanyar zillewa. A faɗi yadda za a auna buƙatar mutum da wa'adin da za a ba shi amsa, a kuma kafa inda zai kai kuka idan an hana shi, wurin da ba hukumar da ta hana shi ce ke riƙe da shi ba. Mafi muhimmanci, a ɗaura kuɗin a kan mutum, su bi shi duk inda ya zaɓi zama. Idan aka ɗaura su a kan gado a wani gini, to dole sai an samo wanda zai kwanta a gadon kafin kuɗin su fito, kuma daga ranar ginin ya samu ma'aikata da 'yan kwangila da za su kare shi ko da ya daina amfani.

Ban ga laifin iyayen da suke neman babban gida ba. Gajiya ce da fargabar abin da zai faru bayan ransu ke magana, kuma gini abu ne da ido yake gani, shi ya sa 'yan siyasa ma suka fi son sa, tun da ana yanke masa ƙyalle a ɗauki hoto. Amma tarihin irin waɗannan gidaje a ƙasashe masu arziki da matalauta iri ɗaya ne: ma'aikaci ɗaya a kan mutum da yawa, lokacin ci da na barci bisa jadawalin ma'aikata, da ƙofa a rufe inda babu mai ganin abin da ake yi. Ki tambaye su ko za su fi son ginin idan aka ba kowannensu mataimaki na sa'a shida a rana da tabbacin cewa taimakon ba zai tsaya ba ranar da suka faɗi. Ina zaton amsar da yawa daga cikinsu za ta canza.

Tambaya: Malam, ni akanta ne, kuma ina da shakka. Ba dabara ce wannan ta gwamnatoci ba, su rufe gidajen kula da mutane su ce a koma cikin al'umma, nauyin ya faɗa kan iyali, su kuma su adana kuɗinsu? In kuwa da gaske za a yi, daga ina kuɗin za su fito?

Amsa: Ɗan'uwa, shakkarka tana kan hanya, domin an sha yin abin da kake tsoro. A 1963 Shugaba Kennedy na Amurka ya sa hannu a kan dokar gina cibiyoyin kula da masu larurar ƙwaƙwalwa a cikin unguwanni, da nufin a rage dogaro da manyan asibitocin jihohi waɗanda a tsakiyar shekarun 1950 suke riƙe da mutum sama da rabin miliyan. Asibitocin sun yi ta raguwa, amma kimanin rabin cibiyoyin da aka tsara ne kawai aka gina, kuma ba a tanadar musu kuɗin gudanarwa mai ɗorewa ba, sai mutane da yawa suka ƙare a kan titi ko a gidan yari. Mafi muni shi ne abin da ya faru a lardin Gauteng na Afirka ta Kudu a 2016, inda hukumar lafiya, da sunan rage kashe kuɗi da mayar da mutane cikin al'umma, ta kwashe masu larurar ƙwaƙwalwa sama da dubu ta raba wa ƙananan ƙungiyoyi, da yawansu ba su da ingantaccen lasisi, ba su da ma'aikata ko isasshen abinci. Mutum 144 suka rasu, wasu saboda yunwa da ƙishirwa da sanyi. An kira wannan kulawa a cikin al'umma, alhali watsar da mutane aka yi.

Darasin a wurin mai rubuta doka shi ne tsarin abin da za a fara yi. Sai an gina sabon taimakon, an ga yana aiki, kafin a rufe tsohon gida, kuma hakan yana nufin za a yi wasu shekaru ana biyan tsari biyu a lokaci ɗaya. Duk wanda ya ce maka za a yi wannan sauyi a samu rarar kuɗi a shekarar farko, ka riƙe aljihunka. Italiya ta yi dokarta mai lamba 180 a 1978, wadda likita Franco Basaglia ya yi wa fafutuka bayan aikin da ya yi a birnin Trieste, ta hana kai sababbin mutane tsofaffin asibitocin mahaukata, amma sai da aka ɗauki kusan shekara ashirin kafin a rufe na ƙarshe, kuma yankunan da suka zuba kuɗi a cibiyoyin unguwa sun yi wa waɗanda ba su zuba ba nisa.

Ina kuma jan kunnen masu fafutuka kada su jingina hujjarsu gaba ɗaya a kan cewa kulawa a gida ta fi arha. Ga mutane da yawa ta fi arha, amma ga wanda yake buƙatar mataimaki dare da rana tana iya fin gidan jinya tsada, kuma idan arha ce hujjarka, ranar da lissafi ya juya ka rasa ta cewa a kan wanda ya fi kowa buƙata. Hujjar lissafi da ta fi ƙarfi ita ce wadda kai akanta za ka fi kowa ganewa: kuɗin nan ana biyan su yanzu ma, ba a dai shigar da su littafi ne. Matar da ta yi tambayar farko ta biya da albashin shekara 12.

Batun inda kuɗi za su fito, ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. Jamus ta kafa inshorar kulawa ta dogon lokaci a 1995, ana cire wani kaso daga albashi kamar yadda ake cire na lafiya. Japan ta kafa tata a 2000, inda duk wanda ya kai shekara 40 yake biya, gwamnati kuma ta ƙara daga haraji, ko da yake tsofaffi tsarin ya fi fuskanta. Ostireliya ta yi dokar inshorar naƙasa ta ƙasa a 2013, ta ƙara harajin lafiya daga kashi 1.5 zuwa kashi 2 cikin 100 a 2014 don taimaka wa biyanta, kuma yau mutum sama da 600,000 suna cikin tsarin, kowanne da nasa kason bisa buƙatarsa, duk da cewa kuɗin sun zarce hasashen farko har gwamnati ta shiga neman rage saurin hauhawarsu. Ƙasar da yawancin mutanenta ba masu albashi ba ne ba za ta iya dogara da cirewa daga albashi ba, sai ta keɓe kaso daga kuɗin shigarta. Gana ta yi haka da asusun da ake raba wa gundumomi, ta ware wa masu naƙasa kashi 2 cikin 100, daga baya ta mayar da shi 3, ko da yake ƙorafin jinkirin sakin kuɗin bai ƙare ba.

Ko wace hanya aka bi, a killace kuɗin da doka. Birtaniya ta kafa wani asusu na musamman a 1988 don masu naƙasa mai tsanani su zauna a gidajensu, ta rufe shi a 2015, ta miƙa kuɗin ga ƙananan hukumomin Ingila ba tare da sharaɗin sai a wannan aiki za a kashe su ba. Kuɗin da aka zuba cikin tukunyar kowa da kowa, mai ƙarfin murya ne ke fara ɗiba.

Tambaya: Malam, ina amfani da keken guragu tun bayan hatsarin da ya taɓa mini laka. Mun sha kai ziyara majalisa, a karɓe mu da fara'a, a ɗauki hoto, a ce za a duba. Zanga-zanga ce ta rage mana?

Amsa: Ɗan'uwa, ziyarar da aka je da ƙorafi kawai, hoto ne ladanta. Ku je da rubutaccen ƙuduri, da lissafin abin da zai ci a shekarar farko da ta biyar, da sunan asusun da kuke so a ciro kuɗin. Haka Ostireliya ta yi: kafin a kai ga doka, hukumar binciken tattalin arziki ta gwamnati ta fitar da rahoto a 2011 wanda ya lissafa kuɗin tsarin, masu naƙasa da iyalai da masu ba da kulawa kuma suka haɗu a kamfe ɗaya da buƙata ɗaya, har manyan jam'iyyun ƙasar suka goyi baya. Ku nemi wanda zai ɗauki nauyin ƙudurin daga ɓangaren masu mulki da na adawa, domin dokar da za ta ci kuɗi shekara talatin ba ta jam'iyya ɗaya ba ce. Kada kuma ku tsaya a kwamitin jin daɗin jama'a, inda aka fi yi muku fara'a. Kwamitin kasafi da ma'aikatar kuɗi ne ke yanke hukunci, kuma lokacin shiga wurinsu shi ne watannin da ma'aikatu suke haɗa ƙiyasinsu, tun kafin a kai kasafin majalisa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Adadi yana taimakawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato ɗaya cikin shida, suna da naƙasa mai tasiri, amma ɗan majalisa ya fi jin adadin mazaɓarsa, don haka ku ƙirga naku da kanku: mutum nawa, sa'a nawa suke buƙata, mata nawa suka bar aiki ko makaranta don jinya. Sashe na 4 na yarjejeniyar da na ambata ya wajabta a tuntuɓi masu naƙasa ta hannun ƙungiyoyinsu wajen tsara dokokin da suka shafe su, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nan zan faɗi abin da ba kowa ke son ji ba: buƙatar iyaye da ta baligi mai naƙasa ba kullum suke zama ɗaya ba, iyaye sun fi tunanin tsaro, shi kuwa yana son ya zaɓi mai yi masa wanka da lokacin da zai fita. Ku daidaita wannan a tsakaninku kafin ku shiga majalisa, in ba haka ba za a yi amfani da ɗayanku a rufe bakin ɗayan.

Zanga-zangar lumana tana da ranarta, kuma sau da yawa ranar tana zuwa ne bayan an sa hannu. Amurka ta yi wata doka a 1973 mai sashen da ya hana nuna wa masu naƙasa bambanci a duk shirin da gwamnatin tarayya ke ba kuɗi, amma ƙa'idojin aiwatar da ita suka kwanta kusan shekara huɗu ba sa hannu. A Afrilun 1977 masu naƙasa sama da ɗari, ciki har da 'yar fafutuka Judith Heumann, suka zauna a ofishin gwamnati a San Faransisko kusan mako huɗu, sai da aka sa hannu. Buƙatarsu ɗaya ce, a rubuce take, kuma sun san mutumin da alƙalaminsa ake jira. Ku ma ku sa a cikin ƙudurinku wa'adin fitar da ƙa'idojin aiwatarwa, da wajabcin buga rahoto duk shekara mai nuna abin da aka ware, abin da aka saki, da yawan waɗanda suke kan layin jira.

Tambaya: Malam, ni nake kula da yayata. Ya dace doka ta biya ɗan'uwa albashi don ya kula da nasa?

Amsa: 'Yar'uwa, ƙasashe sun rabu a kan wannan. Jamus ta ba mai buƙatar kulawa zaɓi, ko ya karɓi kuɗi a hannu, waɗanda yawanci yakan ba danginsa masu jinyarsa, ko a turo masa ma'aikaci, ko ya haɗa biyun. Japan ta ƙi sa biyan kuɗi a hannu a tsarinta, kuma cikin masu adawa da shi har da ƙungiyoyin mata, waɗanda suka ce ɗan abin da za a bayar zai ƙara ɗaure 'ya'ya mata da surukai a ɗakin jinya. Ni ra'ayina a biya, domin aiki ne kuma kina yin sa, amma da sharaɗi biyu: yayarki ce za ta zaɓi wanda zai kula da ita, ke ko wani, kuma kuɗin su zo tare da kwanakin hutu da doka ta ƙayyade, da gudummawar fanshonki na shekarun da kika yi kina jinya, kamar yadda tsarin Jamus yake biya wa masu jinyar da suka cika sharuɗɗansa.